Sito mai kyau daga ƙasa ake fara shi, robobi su biyo baya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sanya albarka a sabon gida. Na ga tambayarki: kun tare a Tumfure a nan Gombe, akwai ɗan sito a jikin kicin, maigida yana sayen abinci buhu-buhu da kaka, ke kuma kina so wurin ya yi kyau irin na hotunan Instagram, amma kina tsoron ƙwari da ɓera. 'Yan uwa sun ba ki shawarar robobi iri ɗaya da kwanduna, kuma ba su faɗi ƙarya ba. Ni dai da na daɗe ina ciyar da gida mai yawa a garin nan, cewa zan yi ki riƙe kuɗin robobin tukuna.

Hotunan nan galibi na gidajen Amurka da Ingila ne, inda ake sayen abincin mako a 'yan kwalaye. Mu buhun masara mai kilo 100 ake sauke mana daga kasuwar Tudun Hatsi, ya sha zafin Maris da Afrilu, ya sha danshin Agusta, sannan ƙurar hunturu ta zo ta rufe shi. Sito da bai shirya wa waɗannan ba, ko da gilashi kika jera shi, wata uku ya fara wari.

Ki fara duba ƙasa da bango. Kada buhu ya taɓa siminti, ko da an sa tayil, domin ƙasa tana tsatso danshi da damina ba tare da kin gani ba. Ki sa kafinta ya yi miki dandamalin katako mai ƙafa, tsayin kamar santimita 15, yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi. Ki bar tazarar tafin hannu tsakanin buhu da bango. In sabon gini ne, ki lura da gara sosai. Inda na san tana yawa, kantar ƙarfe daga wurin mai walda ta fi kwanciyar hankali, a shafa mata fenti saboda tsatsa. Sai taga. Ko ƙarama ce a sama, a sa mata raga ta waya mai ƙananan ido, iska ta shiga, ƙwaro ya tsaya a waje. Ƙasan ƙofa kuma a buga masa falle na kwano, don ɗan ɓera ramin da yatsa zai shiga ya ishe shi.

Wajen yin kanta, kafintoci suna son su yi ta da zurfi, a ganinsu ta fi cin kaya. Ki hana. Santimita 30 zuwa 35 ya isa. Duk abin da ya shige baya ya ɓace wa ido, ranar da kika tuna da shi ya riga ya lalace, kin kuma sayi wani. Masu nauyi, jarkar mai da bokitin shinkafa, a ƙasa. Abin da hannu ke kai wa kullum, gishiri, magi, taliya, ganyen shayi, a daidai ƙirji. Manyan tukwanen suna da kulolin biki su hau can sama.

Wake shi ne babbar jarrabawa, kuma nan nake so ki saurare ni da kyau. Ƙwaron wake daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwayar, shi ya sa za ki wanke sito fes amma ki buɗe buhu ki tarar ya zama gari. Abin da ke kashe shi rashin iska. Akwai buhun PICS, wanda masana a jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu na uku a waje, kowanne a matse iskarsa a ɗaure shi daban. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan noma. Sharuɗɗansa biyu: kada a riƙa buɗe shi kullum, kada kuma ya huje. Ki ɗebi na wata guda ki zuba a bokiti mai murfi, ki mayar ki ɗaure sauran. In babu, jarka mai lita 25 da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin, a cika ta har wuya, a sa leda a bakin a murɗa murfin. Barkono da toka da iyayenmu ke zubawa suna ragewa, amma ba sa kai wake shekara.

Don Allah kada wani ya ce miki ki yayyafa wa waken maganin ƙwarin nan Sniper. Guba ce, ba a yi ta don abincin da za a ci ba. Saboda irin sinadarin da ke cikinta ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Ƙwayar maganin nan da 'yan kasuwa ke jefawa a buhu ma hayaƙinta kisa yake, ba ta da wuri a sito da ke manne da ɗakin da yara ke kwana.

Kafin ki rufe kowane hatsi, ki tabbata ya bushe, don rufe mai danshi ya fi barinsa a buɗe illa. Ki samu busasshiyar kwalba, ki zuba hatsin da busasshen gishiri kaɗan, ki girgiza ki ajiye na ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da shi rana. Masara da gyaɗa su ne abin tsoro, domin fumfunar da ke kama su tana barin guba mai taɓa hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Gari kuwa kada ki niƙa da yawa; hatsi yana jure ajiya, garinsa ba ya jurewa.

Albasa da dankalin Turawa ba sa zama wuri ɗaya, kuma leda ba tasu ba ce. Kowanne da kwandonsa mai iska, dankalin a inda haske ba ya kai wa, in ba haka ba ya yi kore. Daddawa da busasshen kifi a kwalba mai murfi, nesa da gari da madara, don gari yana shan wari. Sabulu, omo da kalanzir su fita daga sito gaba ɗaya. Tukunyar gas ma haka, tana son wuri mai iska. In ta yi yoyo a rufaffen ɗaki, ƙasa gas ɗin yake kwanciya.

To, yanzu ga kwalliyar da kike so. Farin fenti da ƙwan fitila mai haske, ko mai caji saboda halin wutarmu, sun yi rabin aikin. Kuka, kuɓewa, karkashi, citta, kanumfari, masoro da zoɓo, kowanne da launinsa. Ki zuba su a kwalaben bama da kika tara, ki jera, za ki ga sun fi na kanti kyau. Ki manna takarda ki rubuta suna da watan da kika saya, sabo ya koma baya, tsoho ya matso gaba. Ni ina son faifai da kwanduna na saƙa, suna ba wurin kamannin gida, sai dai kyankyaso ma yana son su, don haka duk wata a fitar da su rana a kakkaɓe.

Robobin kuma in za ki saya, ki sayi masu kusurwa huɗu, ba su kai zagayayyu cin wuri ba, ki matsa murfin a gaban mai shago ki ji ya kama. Ki auna tsayin kantarki kafin ki tafi babbar kasuwa. In kin samu dama ki turo mana hoton sitonki da awonsa, in gaya miki bangon da ya fi dacewa da buhunan.