Kujerar jariri a mota da rigar sanyi: amsoshin wasiƙunku

Tun da sanyi ya shigo, wasiƙun da ke zuwa mini kusan duk a kan abu ɗaya suke: yadda za a fita da jariri a mota ba tare da sanyi ya taɓa shi ba. Na zaɓi biyar.

Ta farko daga Winnipeg ta ƙasar Kanada: "Anti, wata uku ke nan da haihuwata, haihuwar fari, ba uwa ba dangi a kusa. Sanyin garin nan yana wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Na saya wa yarinyar rigar sanyi mai kumburi, irin mai haɗe da wando, sai wata nas ta ce kada in ɗaure ta a kujerar mota da ita. Mama kuma kullum a waya cewa take in jibga mata kaya kada sanyi ya shige ta. Wallahi na rasa wa zan bi, har tsoron fita nake."

'Yata, barka da arziki, Allah ya raya. Kwantar da hankalinki, don nas da Mama abu ɗaya suke nema, lafiyar jikar nan, kuma ana iya cika wa kowaccensu burinta. Nas ta faɗa miki gaskiya. Rigar da ta kumbura ɗin nan yawancinta iska ce. Idan kika ɗaure bel a kanta za ki ji kamar ya kama tsam, amma ranar da mota ta ci burki da ƙarfi ko aka yi karo, rigar sai ta lotse nan take, bel ya saki, yarinya ta zame ta sama. Gwada da kanki a ɗaki yau: sa mata rigar, ɗaure ta, ja bel ɗin har ya kama. Sai ki ɓalle maɓallin ba tare da kin sassauta bel ba, ki cire rigar, ki mayar da yarinyar kujera ki ɓalla. Na yi wannan gwajin a gidan ƙanwata da ɗanta, hannuna gaba ɗaya ya shige tsakanin bel da ƙirjinsa, uwar ta yi shiru ta kasa magana.

Abin da za ki yi shi ne ki sa mata kaya marasa kauri, bi da bi: 'yar shara mai dogon hannu, wando, safa, suwaita mai laushi wadda ta kama jiki, da hula. Ma'aunin da likitocin yara ke bayarwa shi ne jariri ya fi babba da riga ɗaya. Ɗaure ta, ki ja bel, sannan ki gwada tsunkule shi a kan kafaɗarta da yatsu biyu. In kin iya kamo shi, da saura, ƙara ja. Maƙalin nan na ƙirji ya tsaya daidai hammata. Bayan kin gama duk wannan, sai ki ɗauko bargo ki rufa mata a kan bel ɗin, ki cusa gefe da gefe, iyakarsa ƙirji, kada ya kai fuska. Ga lulluɓin Mama ya samu.

Kujerar kuma ki riƙa kwana da ita a cikin gida, kada ki bar ta a mota ta sha sanyi har gari ya waye. Idan hita ta ɗumama motar, ki janye bargon ki cire hular, domin jariri ba ya iya yaye wa kansa kaya, kuma zafi ya yi masa yawa shi ma haɗari ne. Kada ki auna da tafin hannunta, hannun jarirai dama da sanyi yake. Taɓa ƙirjinta ko ƙeyarta. In kin ji gumi, rage.

Ta biyu daga Jos, wani magidanci: "Da asuba muke fita, ga sanyin hunturu. Hitar motata a gaba ta fi aiki. In dawo da kujerar yaron gaba kusa da ni?"

A'a, Malam. Jakar iskar nan da ke ɓoye a gaban fasinja da ƙarfin gaske take fashewa, kuma bayan kujerar za ta daka, daidai inda kan yaron yake. Yara sun mutu ta haka. Kujerarsa na baya, fuskarsa na kallon baya, har sai ya wuce nauyi ko tsayin da aka rubuta a jikinta. A Ingila kujerun sabon tsari doka ta ce sai ya kai wata 15 kafin a juya shi, likitoci kuma suna son a wuce haka. Sanyin Jos ba ya fin ƙarfin suwaita da shawul. Ka tayar da motar minti biyar kafin a fito da shi.

Ta uku daga Manchesta ta Ingila: "An kawo mini gudummawar wani abu mai gashi-gashi kamar jakar barci, ana shimfiɗa shi cikin kujera a zura yaro. Yana da kyau sosai. In yi amfani da shi?"

A keken turawa, bismillah. A mota, ajiye shi. Duk abin da zai shiga tsakanin bayan yaro da kujera, ko tsakanin jikinsa da bel, in ba tare da kujerar aka sayo shi daga kamfanin da ya ƙera ta ba, ba a gwada su tare ba. Wanda ake rufawa ta sama kamar marfi ba laifi, muddin fuskarsa a buɗe take kina ganinta.

Ta huɗu daga Kano, kuma a nan zan daɗe: "Anti, na ga kujera a wajen masu kayan gwanjo, 'yar waje ce, fes da ita, kuɗinta bai kai rabin sabuwa ba. Akwai kuma wata da ake tallarta a Instagram, ta yadi ce zalla, ana ɗaura ta a kujerar mota, ta fi arha kuma sun ce tana da ɗumi. Wacce zan ɗauka?"

Ƙanwata, ta yadin nan ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Ba kujera ba ce, tsumma ne da igiya. Ba ta da ƙwarya mai tauri da za ta tare kai da wuya, ɗinkinta kuma ba zai riƙe komai ba. A gudun kilomita 50 a awa kawai, wanda kowa ke yi a titin Zariya, in aka yi karo jikin yaro yana fizga da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau da yawa, har hannun uwa ba ya iya riƙe shi, balle zaren tela. Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sayar da ita sun san uwa za ta ɗaure ɗanta ta saki jiki, tana ganin ta yi abin da ya dace.

Ta gwanjo kuwa, tambaya uku nake so ki yi, kuma na san mai shago ba shi da amsar biyu. Yaushe aka ƙera ta? Ta taɓa shiga haɗari? Ina takardarta? Kujerar jariri tana da wa'adi kamar magani, yawanci shekara 6 zuwa 10 daga ranar ƙira, saboda roba tana gajiya, balle a zafin ƙasarmu inda mota ke wuni a rana. A ƙasashen da ake kwaso su, wadda wa'adinta ya cika ko ta yi haɗari zubarwa ake yi, kuma tsagewar cikin roba ido ba ya ganinta. Kwanaki na tsaya a wani shago na kifa wata kujera, kyakkyawa, an wanke rigarta tana ƙamshi. A ƙasanta, inda takardar kwanan wata ya kamata ta kasance, sai shatin gam da alamar kankara da reza. Na tambayi yaron shagon, ya ce, "Hajiya, ai haka suke zuwa." Bel ɗin ya yi gashi a gefe, maɓallin kuma sai na danna sau biyu kafin ya kama. A gabana wata ta zo tana taya ta.

Ki kifa duk kujerar da za ki saya, sabuwa ko tsohuwa. Ta Turai tana da tambari ruwan lemo mai harafin E a cikin da'ira, da rubutun R129 ko R44. R44 tsohon tsari ne, Tarayyar Turai ta daina barin a sayar da sabbinsa tun Satumba 2024, saboda haka kada wani ya ce miki sabon yayi ne. Ta Amurka tana da rubutun cewa ta cika ƙa'idar gwamnatinsu, da sunan kamfani, da lambar samfuri, da ranar ƙira. Ta Kanada tana da tambarin ganye a da'ira. In babu ko ɗaya, ki ajiye ta ki yi gaba. Tambarin ma ana buga na jabu, don haka ki duba aikin: bel mai faɗi da kauri, maɓallin ƙarfe mai cewa ƙwas, soso mai tauri a ƙarƙashin yadi ta wajen kai, da littafin bayani.

Na san kuɗin sabuwa ya yi tsada, ba sai an gaya mini ba. To amma mu yi wa kanmu adalci. Nawa aka kashe a ankon suna? Nawa aka kashe a rago na biyu, da mai hoto, da kayan rabo da aka buga wa hoton jariri, da takalma biyar na yaron da bai fara rarrafe ba? Uwa za ta sayi leshi na fitar suna ba ta nemi ragi ba, amma a kan abin da zai riƙe wuyan ɗanta a hanyar Kaduna sai a tsaya ana ciniki. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ƙiyasta cewa kujera mai kyau tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin ɗari. A cikin kayan barka kaf babu abin da ke yin wannan aikin. Dangi masu tambayar me za su kawo, ki ce su haɗa kuɗi su sayi kujera. Kuma ba sai mai tsadar ƙarshe ba, mai sauƙin kuɗi da ta cika ƙa'ida ta wadatar. In dole sai tsohuwa, to ta hannun yayarki ko aminiyarki, wadda kin san tarihinta, wa'adinta bai cika ba, kayanta a cike.

In kin saya, a ɗaura ta daidai. Yawancin motocinmu 'yan Kwatano suna da ƙarafuna biyu a ɓoye a lungun kujerar baya, na maƙala kujerar yara, ki zura hannu ki laluba. In babu, bel ɗin mota ya isa, a bi yadda littafin ya nuna. Kama ta daga inda aka ɗaure ki girgiza: kada ta motsa fiye da inci ɗaya. Kuma a kishingiɗe take zama ga sabon haihuwa, don in ta miƙe da yawa kansa zai rusuna, haɓa ta danne ƙirji, numfashi ya yi wuya.

Ta ƙarshe daga Minesota ta Amurka: "Mijina yana kunna mota a cikin gareji a rufe don ta yi ɗumi kafin mu shiga da yara. Ni abin bai kwanta mini ba."

Hankalinki ya gaya miki daidai, 'yar'uwa, ki hana shi yau ɗin nan. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyalai a gida idan aka kwana da janareto ko gawayi a ɗaki, kuma jariri ta fi saurin kamawa. Buɗe ƙofar garejin ma bai isa ba, ya fito da motar waje tukuna. Ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, ya zagaya baya ya share bakin salansa kafin ya murza makulli.