Mai yankan makulli da harkar kullen lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina yankan makulli da gyaran kwaɗo. Yanzu masu ofis da otal sun fara tambayata irin makullin da ake buɗewa da kati ko da yatsa, ni kuwa sai in ce ba na yi. Ina so in ci bashi in cika shago da waɗannan na'urori. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shiga harkar na goyi baya, amma cika shago da bashi, a'a. Kayan lantarki ba kamar kwaɗo ba ne da zai shekara biyar a kan kanta bai rage daraja ba. Kafin ka sayar da rabi, sabon samfuri ya fito, na hannunka ya zama kwantai, mai bashi kuma yana bakin ƙofa. Sayi guda ɗaya ko biyu, ka ɗaura a ƙofar shagonka, ka kwance, ka sake ɗaurawa har hannunka ya faɗa. Wanda ya shigo ya gani da idonsa. In aiki ya samu, karɓi kafin alƙalami ka sayo kayan da shi.

Jarinka na gaskiya sanin ƙofa ne. Masu haɗa waya da yawa sun iya na'ura, amma ba sa lura da ƙyauren da ya karkace ko sakatar da ba ta zama daidai. Ƙofar da ba ta rufuwa da kyau, ko wace na'ura aka sa mata ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ya rage maka shi ne sanin wutar lantarki, kuma a nan ake kuskuren da ke cin rai. Makullin maganaɗisu, wanda galibi ke aiki da lantarki mai ƙarfin volt 12, yana riƙe ƙofa ne muddin akwai wuta. Da ta ɗauke, ya saki. Akwai kuma irin da ke zama a kulle in wuta ta ɗauke. Kafin ka zaɓa, tsaya a cikin ɗakin ka tambayi kanka: in gobara ta tashi, ta ina mutanen nan za su fita? Dole a sa maɓallin fita daga ciki, da batirin ko-ta-kwana, a kuma bi dokar kashe gobara ta inda kake.

Kati ma iri-iri ne. Tsohon samfurin kati, wanda ake kira mai 125 kHz, araha gare shi, amma kwafarsa ba ta da wuya, kai da ka san yankan makulli ka fi kowa gane haɗarin. Ko wani irin kati da ake kira MIFARE Classic tun 2008 masu bincike suka fasa sirrinsa. Inda ake ajiye kuɗi ko magani, ba masu wurin katin DESFire, wanda ya fi wuyar kwafa, ka gaya musu dalilin tsadar.

Batun riba, kada ka zuba ido ga ranar ɗaurawa kaɗai. Ma'aikaci zai bar aiki a goge katinsa, batir zai mutu, wani zai manta lambar sirri da tsakar dare. Rubuta yarjejeniyar kulawa ta shekara tun farko, ka fayyace ziyara nawa ce a ciki da kuɗin kiran gaggawa, in ba haka ba za ka yi ta zirga-zirga kyauta. Ranar miƙa aiki kuma, sa mai wurin ya canza lambar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kamfani, a gabanka, ya sa hannu a takarda cewa ya karɓa.