Zauren Tambaya: Ɗan sahu zai iya neman Majalisar Jiha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni mutumin Kurna ne, na haura talatin. Babana dako ya yi a kasuwar Singa har Allah ya yi masa rasuwa, ni kuma da na gama sakandare na samu aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, da aka rufe na koma tuƙin adaidaita sahu, har yau balas nake kaiwa. Duk damina kwata sai ta shigo mana gida, ajin yarana kuwa a ƙasa suke zama, abin yana ci min rai wallahi. Ƴan layinmu da abokan sana'a sun ce in fito takarar majalisar jiha, amma wasu na cewa sai mai digiri, wai kuma in daina faɗin ni ɗan sahu ne. Ya kake gani?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Maganar digiri babu ita. Sashe na 106 na tsarin mulki ya ce ka zama ɗan ƙasa, kana da ilimin sakandare ko makamancinsa, kuma jam'iyya ta tsayar da kai. Shekaru ma a da 30 ne, gyaran da Buhari ya sa wa hannu a 2018 ya mayar da su 25. To ka ga ta nan ka tsallake.

Masu cewa ka ɓoye sana'arka kuwa, don Allah kar ka saurare su, a Kano fa muke. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a garin nan a 1950 wa ya riƙe ta in ba teloli da ƴan koli da manoma ba? Su aka riƙa ɗaurewa saboda ita. Malam Aminu Kano kansa malamin makaranta ne, gidansa na nan a Gwammaja kowa ya je ya gani. Kuma ƙuri'ar talakawan nan ce ta ba jam'iyyar PRP Kano a 1979, Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke haraji da jangali. Mutumin da ya san yadda ake ji in magariba ta yi bai haɗa kuɗin balas ba, ga mai ya ƙare, ga cefane na jira, ya san abin da da yawa cikin masu zama kujerun majalisar jihar nan 40 sai dai a ba su labari.

Amma fa zan gaya maka gaskiya, labarin wahala shi kaɗai ba ya ci, don kusan duk ɗan takara sai ya ce shi ma ɗan talaka ne, mutane sun gaji da ji. Abin da za a tambaye ka a majalisar unguwa shi ne in ka je me za ka yi? Ɗan majalisa ba shi ke gina kwata ba, aikinsa yin doka, duba kasafin kuɗi kafin a amince, da bin diddigi ko ma'aikata ta yi aikin da aka ware wa kuɗi. Saboda haka ka nemo kasafin bana ka ga nawa aka sa wa magudanan ruwa da firamare a yankinku, ka zaga da kekenka ka ga me aka yi a ƙasa, ranar da ka tsaya gaban dattawa kana faɗin wannan da adadi, za ka ga an gyara zama.

Inda gizo ke saƙar shi ne fidda gwani. Babu takarar indifenda a dokarmu, dole sai jam'iyya, kuma a 2022 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, dokar zaɓe ta shekarar ta yarda a kashe har miliyan 30 a kamfen ɗin kujerar. Wannan ban da daliget da ejan-ejan na kowace akwati. Nan ne ake kayar da irinku tun ba a kai ga talaka ba, kuma abin na ɓata min rai matuƙa. Nan ne kuma wani mai kuɗi zai zo ya ce zai saya maka fom, ka tambaye shi tun wuri me yake so a madadi, in bai faɗa ba to ka yi hattara.

Kar ka ci bashi, kar ka taɓa gidan gado, ka kuma zauna da maiɗakinka ku yi magana tukunna. Ka yanki katin jam'iyya a mazaɓarka ka riƙa zuwa taro, masu cewa ka fito kuma kowa ya nuna katin zaɓensa, a buɗe littafin karo-karo ko da ɗari biyar-biyar ne duk sati. In kujerar ta yi nisa a wannan karon, kansila ma hanya ce, ita hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ke shirya zaɓenta ba INEC ba. Ka sake rubuto mana bayan wata uku mu ji mutum nawa suka sa hannu a littafin. Allah ya taimaka.