Lawrence Barrett: Soja ne na gaske ko sojan dandamali?

Tambaya: Malam, na ji an ce Lawrence Barrett, ɗan wasan kwaikwayon Amurka na ƙarni na 19, soja ne. Shin ya yi aikin soja da gaske, ko kaki kawai yake sawa a kan dandamali?

Amsa: Ya yi aikin soja da gaske, sai dai bai daɗe a cikinsa ba. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, Barrett ya ajiye sana'arsa, ya riƙe muƙamin kyaftin a runduna ta 28 ta sojojin ƙasa na jihar Massachusetts, wadda akasarin dakarunta 'yan asalin Ireland ne, a ɓangaren Arewa. Tun kafin yaƙin ya ƙare a 1865 ya riga ya koma wasa, kuma a can ne sunansa ya fito.

An haife shi a Paterson ta jihar New Jersey a 1838, cikin gidan da ba shi da hali. A Detroit ya fara, yana yaron aike a gidan wasa, wato mai bi ɗaki-ɗaki yana sanar da manyan 'yan wasa cewa lokacin fitowarsu ya yi. Bai yi zurfi a makaranta ba, shi ya koya wa kansa karatu, har daga baya ya rubuta tarihin ɗan wasa Edwin Forrest. Ya fara hawa dandamali a 1853.

Rawar da aka fi tuna shi da ita ita ce ta Cassius a wasan Julius Caesar na Shakespeare, wadda ya taka a New York a 1871 tare da Edwin Booth, yayan mutumin da ya kashe Shugaba Lincoln. A ganina, iya tafiyar da harka ya fi komai ɗaukaka shi: ya shugabanci gidan wasa na California a San Francisco tare da John McCullough, sannan daga 1886 ya karɓi ragamar tafiye-tafiyen Booth, suna zagaya biranen Amurka da jirgin ƙasa, Booth na jan 'yan kallo, shi kuma yana kula da lissafi da tsarin tawaga, ga kuma nasa wasan.

Suna cikin wannan haɗin gwiwa ne rashin lafiya ya kama shi yana tsakiyar wasa a New York, ya rasu bayan 'yan kwanaki, a watan Maris na 1891.