Amsa: shekarar doki da jan ambulan na 'yan China

Malam, ka ce mai turo maka kaya daga Guangzhou ya ce maka bana shekarar doki ce kuma ya daina ɗaga waya, to ba guduwa yai da kuɗinka ba, sabuwar shekararsu ce. Lissafin wata suke bi, shi ya sa ranar take yawo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, ta 2026 ta faɗo 17 ga Fabrairu. Kowace shekara tasu da sunan dabba, dabbobi 12 ne ke zagayawa, ɓera ne farko alade ƙarshe, 2025 maciji ce, 2026 doki.

Wajen neman sa'a kuwa abin nasu da yawa, gida za a share tsaf kafin ranar amma ranar kanta ba mai taɓa tsintsiya wai kar a share arziki, ƙofa a manna mata jajayen takardu, yara a ba su kuɗi a jan ambulan, lamba 8 suna sonta, 4 kuwa ko a ambulan ba sa sakawa. Ni dai camfi na ɗauke shi, amma hutun gaskiya ne, ma'aikata duk sun tafi ƙauye, masana'antu kan yi sati biyu ko fiye a rufe. Badi ka yi odar tun Disamba.