Tambaya da Amsa: Zan Fito a Fim a Matsayin Ɗalibi Mai Ɓoye Soyayya, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a wata kwaleji a nan Daura. Wasu matasa masu shirya fim mai dogon zango don sakawa a YouTube sun zaɓe ni in fito a matsayin ɗaya daga cikin aminai biyu da suke kwana ɗaki ɗaya a makaranta, waɗanda suka kamu da son yarinya ɗaya 'yar ajinsu. Ni ne wanda yake ɓoye nasa son saboda amininsa. Ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, iyakata wasan kwaikwayon sakandare. Yaya zan shirya, kuma yaya zan nuna so ba tare da na wuce gona da iri ko na zama abin dariya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Matsayin da aka ba ka ya fi na amininka wahala, kuma a ganina ya fi shi daraja, domin shi an rubuta masa kalaman da zai furta, kai kuwa yawancin aikinka yana cikin abin da ba za ka faɗa ba.

Fara da raba wasan dandamali da wasan kyamara. A dandamalin makaranta an koya maka ɗaga murya da buɗe hannuwa domin na kujerar ƙarshe ya gan ka ya ji ka. Kyamara kuwa idan mai ɗaukar hoto ya matso da ita kusa da fuskarka, ƙiftawar ido da haɗiyar yawu ma fitowa suke yi, sannan mafi yawan masu kallonka a waya za su gan ka, fuskarka ta cika musu allo. Abin da ake tafa wa a dandamali shi ne abin da ake yi wa dariya a nan. Sababbin jarumai da yawa suna zaton nuna so shi ne dafe ƙirji da lumshe ido da jan dogon numfashi, alhali saurayin da yake ɓoye sonsa a gaskiya ƙoƙarinsa duka shi ne kada a gane. Saboda haka ɓoyewar za ka taka, ba son ba. Idan ta shigo ajin, kada ka kafe ta da ido. Ka ci gaba da rubutun da kake yi, amma biron ya tsaya na ɗan lokaci kafin ya ci gaba. Mai kallo zai gane da kansa, kuma abin da ya gano da kansa ya fi zama a ransa a kan wanda aka ɗura masa.

A nan tarbiyyarmu taimakonka take yi, ba tauye ka ba. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a fina-finan Hausa ita ce namiji da mace ba sa taɓa juna, kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta tsaya a kan irin waɗannan iyakoki. Wasu suna ganin hakan ya rage wa fim armashi. Ni ban yarda ba. Idan aka hana hannu aiki, sai ido da murya da tazarar da ke tsakanin mutum biyu su karɓi aikin, kuma kunya da kawaici da kara, waɗanda ka tashi a cikinsu, su ne ainihin kayan aikin wanda zai fito a wannan matsayi. Labarin masoya uku da kuma rawa da waƙa mun same su ne galibi ta hanyar fina-finan Indiya da aka daɗe ana nunawa a sinimomin Arewa, amma saurayin da zai haƙura da yarinya don kara ga amini ba baƙo ba ne a Daura ko Katsina. Kada ka kwaikwayi wani jarumin Indiya, kada ma ka kwaikwayi na Kano. Duba abokan karatunka.

Dangane da shiri, akwai wata hanya da Stanislavski, masanin wasan kwaikwayo ɗan Rasha wanda yana cikin waɗanda suka kafa shahararren gidan wasa na Mosko a 1898, ya koyar, kuma har yau makarantun koyon wasa suna aiki da ita. Gundarinta shi ne ɗan wasa ya tambayi kansa a kowace fitowa: me wannan mutumin yake nema a nan, me ya tare masa hanya, kuma da ni ne a wannan hali me zan yi? Ɗauki rubutun labarin, a gefen kowace fitowa ka rubuta amsar da aikatau, ba da sunan wani yanayi na zuciya ba. "Ina baƙin ciki" ba abin takawa ba ne. "Ina so in fita daga ɗakin nan kafin ya sake ambaton sunanta" abin takawa ne, domin zai gaya wa ƙafarka da idonka abin da za su yi.

Sai dai ka sani, inda irin waɗannan fina-finai suka fi faɗuwa ba wajen soyayyar ba ne, wajen abotar ne. Masu kallo suna yi wa soyayya uzuri, amma abotar ƙarya nan take suke gane ta. Idan ba a yarda cewa ku biyun nan kun shekara biyu kuna cin garin kwaki a kwano ɗaya ba, haƙurin da za ka yi a ƙarshen labari ba zai taɓa kowa ba. Don haka ka nemi wanda zai fito a matsayin amininka tun kafin a shiga lokeshan. Ku zauna, ku sha shayi, ku yi musun ƙwallo, ku samo sunayen tsokana da za ku riƙa kiran juna da su idan darakta ya amince. Aminai ba sa jiran ɗaya ya kai aya kafin ɗaya ya fara magana, ba sa kallon juna ido cikin ido kullum, kuma ɗaya yana iya ɗaukar silifas ɗin ɗaya ba tambaya. Kai da kake ɗalibi a yanzu ka fi marubucin sanin yadda ake hira a ƙarƙashin bishiya kafin a shiga lacca, da yadda ɗaki yake zama a daren jarrabawa. Idan ka ga jimlar da babu ɗalibin da zai faɗe ta haka, ka gaya wa darakta a gefe, cikin ladabi, lokacin gwaji, ba bayan an kunna kyamara ba. Haka nan idan a Daura aka kafa labarin, ka bar harshenka yadda yake; babu dalilin da zai sa ka murɗe baki ka koma Kananci.

Haddar layukanka wajibi ce, amma ka haddace na abokan wasanka ma, sannan idan an fara ɗauka ka saurare su tamkar yau ka fara jin maganar. A fitowar da amininka zai ba ka labarin yadda ta amince masa, edita zai fi buƙatar fuskarka a kan tasa, ko da ba ka da kalma ɗaya a wurin.

Wani abin da yake rikita sabon shiga shi ne ba a ɗaukar fim bi da bi. Duk fitowar da ta shafi ɗakin kwananku ana iya ɗaukar ta a yini guda, ta farkon labari da ta ƙarshensa, domin rage kashe kuɗi. Ana kuma maimaita fitowa ɗaya daga kusurwa daban-daban, kuma dole hannun da ka riƙe littafi da shi a ɗauka ta farko ya zama shi ne a ta uku. Ka riƙe ɗan littafi da za ka rubuta rigar da ka sa a kowace fitowa da abin da ya faru da kai a labarin kafin ita, kuma kada ka yi aski a tsakiyar aiki sai da sanin darakta. Idan akwai waƙa, an riga an naɗe ta a situdiyo, kai bin ta za ka yi da baki, don haka ka karɓe ta da wuri ka rera ta da murya sosai lokacin ɗauka, domin motsa leɓe kawai yana bayyana a hoto.

Saura abubuwan da ba na wasa ba. Ka sanar da iyayenka ka nemi yardarsu kafin ka amsa, domin abin da ya hau intanet ba ya saukowa. Ka karanta labarin gaba ɗaya, ba shafukanka kaɗai ba. Ka tabbata masu shirin sun sami izinin hukumar makaranta a rubuce idan a harabarta za a yi ɗauka, kada a wayi gari kai ɗalibi ne za ka amsa tambaya. A rubuta sallamarka da yawan kwanakin aiki, ko da abokanka ne, tunda fim mai dogon zango yana iya jan watanni, kuma ka faɗa musu tun yanzu cewa makonnin jarrabawa ba ka cikin lissafi. Idan bayan wannan aikin ka ji kana son sana'ar da gaske, akwai Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa da ke Jos, akwai kuma sashen nazarin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.