Amsa: Laptop ta ƙi nuna hoto a talabijin

Ɗan uwa, ka ce ka jona wayar HDMI amma talabijin sai rubuta "No Signal" take yi. Da wuya a ce laptop ɗin ce ta lalace, kada ka yi saurin kai ta wurin mai gyara.

Fara da rimot. Danna Source ko Input, ka zaɓi lambar ramin da ka sa wayar, domin idan tana HDMI 2 kai kuma kana kan HDMI 1, ko kwana za ka yi ba abin da zai fito. Daga nan a kan laptop ɗin ka danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi Duplicate. Sau da yawa kwamfutar tana kan "PC screen only", shi ya sa ba ta tura komai waje.

In har yanzu shiru, ni wayar nake fara zargi. Masu arhar nan na kasuwa ba sa daɗewa, a aro wata a gwada. Kuma in ta USB-C ka haɗa, ba kowane rami ne ke fitar da hoto ba, wasu caji da fayil kawai suke ɗauka.

Idan hoton ya fito amma gefensa ya yanke, je Display settings na laptop ɗin ka daidaita girmansa da na talabijin: 1920x1080, ko 1366x768 a yawancin ƙananan nan masu inci 32. A saitin hoto na talabijin ɗin kuma, in LG ce ka nemi Just Scan, in Samsung ce Screen Fit ko Fit to Screen.

Wace irin talabijin ce, kuma wane Windows ke kan laptop ɗin?